Laftof ta daina ganin SSD: tambayoyi da amsoshi

Tun da SSD, wato ma'adanar kwamfuta marar faifai, ta yi araha, masu gyaran kwamfuta a Sakkwato suke cire tsohuwar ma'adana mai faifai, wato HDD, suna sa ta a madadinta. Kwamfuta ta yi sauri, amma wani sabon kuka ya biyo baya: a wayi gari laftof ta ce ba ta san da wata ma'adana a cikinta ba. Ga tambayoyin da ɗalibai, masu shagon buga takardu da ma'aikata suka fi yi a kan wannan.

Na kunna laftof sai baƙin allo da rubutun "Boot Device Not Found". SSD ɗina ta mutu ke nan?

Ba lallai ba ne. Wannan rubutun na HP ne, sau da yawa da lambar 3F0 a ƙasansa. Dell kuma "No bootable devices found" take rubutawa. Abin da suke cewa ɗaya ne: kwamfuta ta nemi inda Windows yake, ba ta samu ba. Ba ta faɗi dalili ba.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi. Da ka danna makunni, sai ka yi ta danna F10 idan HP ce, F2 idan Dell ce, F1 idan ThinkPad ce ta Lenovo. Ka nemi inda aka jera ma'adana. Idan ka ga sunanta da girmanta, misali Samsung ko Kingston mai 256GB, to haɗinta da kwamfuta lafiya lau, matsalar tana ga saiti ko ga Windows. Idan wurin wayam yake, sai a koma ga ƙarfen kansa. Duk wani gyara da za a yi daga wannan dubawar yake farawa, kuma mai gyaran da ya ɗauko filash ɗin Windows bai leƙa nan ba, ka karɓe kwamfutarka.

BIOS ma ba ta gan ta ba. Sai me?

Sai a buɗe. Sau da yawa ma'adanar motsawa ta yi daga gurbinta. SSD ba ta da abin da ke juyawa a cikinta, don haka ta fi HDD jure girgiza, amma mahaɗarta ba ta da wannan juriyar. Laftof da ke cikin jaka a bayan kabu-kabu kullum, daga Mabera zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da dawowa, tana shan jijjigar da za ta iya sassauta abin da tun farko ba a ɗaure shi da kyau ba.

Ka kashe ta gaba ɗaya, ka zare caja, ka cire batir. Idan batirin na ciki ne, ka zare wayarsa daga bod, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kansa, da zarar ka ɗaga murfi. Ka danne makunni na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita. A lokacin hunturu a ƙara kula: iska ta bushe, jiki yana tara lantarki, irin wanda ke ɗan jan mutum idan ya taɓa ƙofar mota. Wannan ɗan jan ya isa ya lalata abin da ke kan bod. Ka taɓa ƙarfe kafin ka sa hannu, kuma kada ka yi aikin a kan bargo ko darduma.

Idan SSD ɗinka mai faɗi ce, ta inci 2.5, a laftof da yawa wata siririyar waya mai laushi ce ke haɗa ta da bod. Ka duba ko ta tsage, ko ɗan makullin da ke danne ta ya ɗaga. Akwai kuma maganar kauri: yawancin SSD milimita 7 ne, gurbin tsofaffin laftof kuwa an yi shi ne don milimita 9.5, sai ta riƙa wasa a ciki idan ba a sa mata matashi ba.

Idan M.2 ce, wato siririyar nan mai tsawon yatsa, ka kwance notinta ɗaya, za ta ɗago da kanta. Ka zare, ka busa ƙura da abin hura iska, ka goge haƙoranta masu ruwan zinariya da busasshen ƙyalle mai tsabta. A karkace ake mayar da ita, a tura har haƙoran su kusa ɓacewa cikin gurbi, sannan a kwantar a ɗaure. A laftof ɗin gwanjo ba abin mamaki ba ne ka tarar babu notin sam, an manne ta da salatif. Zafin Sakkwato kuwa ba ya barin gam ɗin salatif ya daɗe.

Sabuwar M.2 na saya, ta shiga gurbi daidai, amma shiru.

Shiga gurbi daban, jituwa daban. M.2 suna ne na siffa kawai, kuma iri biyu ne ke da wannan siffar: SATA da NVMe. Ta SATA gudunta bai wuce kusan 550MB a daƙiƙa ba, ta NVMe tana ninka wannan sau da yawa, kuma hanyar da kowace ke bi ta yi magana da bod daban ce. Ka dubi bakinta: mai tsaga biyu yawanci SATA ce, mai tsaga ɗaya NVMe. Wani gurbin yana karɓar duka biyun, wani ɗaya kawai. Mai tsaga biyu za ta zauna daram a gurbin da NVMe kaɗai yake ji, kwamfuta kuma ta yi kamar ba a sa komai ba. Ka nemo littafin samfurin laftof ɗinka a intanet kafin ka tafi kasuwa, ka kuma duba tsawo: 2280 na nufin faɗin milimita 22 da tsawon 80, kuma akwai gajeru, 2242 da 2230.

BIOS tana ganinta, amma Windows ya ƙi tashi.

Nan saiti ake zargi. Ka fara da jerin abin da kwamfuta ke tashi da shi, ka tabbata "Windows Boot Manager" ne a sama. Sai ka duba UEFI da Legacy, wato sabon tsarin tada kwamfuta da tsohon. Windows ɗin da aka ɗora a tsarin UEFI ba zai tashi a Legacy ba, haka ma akasin haka. Idan kuma shuɗin allo kake gani mai rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, ka nemi saitin SATA, wataƙila ya sauya tsakanin AHCI da RAID, hanyoyi biyu da kwamfuta ke bi ta yi magana da ma'adana. Ka mayar da shi yadda yake lokacin da aka ɗora Windows.

Za ka ce ai ba ka taɓa komai ba. Gaskiya ne. A kan bod akwai ɗan ƙaramin batir da ke riƙe saitin BIOS da agogo. Idan ya mutu, saiti na iya komawa na kamfani. Alamarsa ita ce kwanan wata ya riƙa komawa shekarun baya. Laftof ɗin gwanjo da ta yi shekaru a ofis a Turai kafin ta iso nan, batirin nan nata ya riga ya tsufa.

Wata matsalar tana fitowa wajen ɗora Windows a laftof masu Intel zubi na 11 zuwa sama: a kai inda za a zaɓi ma'adana, a ga babu komai. Lafiyarta ƙalau. Wani tsari ne mai suna VMD ya ɓoye ta. Ko dai a sa direban Intel RST, wato manhajar da ke sa Windows ya gane ma'adanar, a filash a loda shi a wurin, ko a kashe VMD a BIOS idan akwai zaɓin.

Na ƙara SSD ta biyu, ba ta fito cikin This PC ba, inda Windows ke jera ma'adana.

Sabuwa fil ba ta fitowa sai an shirya ta. Ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta diskmgmt.msc, ka zaɓi GPT, wato tsarin raba ma'adana, ka yi mata sashe da harafin suna, kamar D. Amma idan tsohuwa ce mai kayanka a ciki, Windows ya ce a shirya ta ko a yi mata fomatin, kada ka amsa.

Tana aiki, sai kwamfuta ta daskare, SSD ta ɓace, bayan an huta ta dawo.

Ko sassaucin mahaɗa ne, ko zafi. Yawancin SSD an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 70. A watan Afrilu, lokacin da zafin gari kansa ke haura digiri 40, ga fanka ta toshe da ƙurar hunturun da ya wuce, ga laftof a kan katifa, kaiwa 70 ba wuya. Da farko rage gudu take yi don ta kare kanta, wata kuma ta yanke gaba ɗaya. Ka sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, za ta nuna maka zafinta da lafiyarta. Idan ta nuna gargaɗi, ko ka ga ana iya buɗe fayil amma ba a iya ajiye sabo, ka kwashe kayanka a ranar. SSD ba ta yin ƙarar ƙas-ƙas irin ta HDD kafin ta tafi.

Ɗauke wuta na iya jawo wannan?

Ƙwarai, musamman ga masu laftof da batirinta ya mutu, suna aiki da caja kaɗai. Idan wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, taswirar da take gane inda ta ajiye komai na iya rikicewa. Kamfanin Crucial yana ba da wata dabara: a kunna laftof a bar ta cikin BIOS kamar minti 20 zuwa 30 ba a taɓa komai ba, a kashe, a maimaita. Wani lokaci ma'adanar tana gyara kanta ta dawo. Ba kullum ake dacewa ba, amma ba a biyan kuɗi.

Mai gyara ya ce sai an yi fomatin, ga aikin kammala karatuna a ciki.

Ki ce masa, Malam, a dakata tukuna. A ciro SSD ɗin a sa a ɗan akwatin USB da ya dace da irinta, SATA ko NVMe, a jona a wata kwamfutar. Idan ta buɗe, a kwafe komai, sannan a yi duk abin da za a yi. Idan ta nemi lambar BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle ma'adana da shi, mai alƙaluma 48, ki duba asusunki na Microsoft, sau da yawa can take. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne TRIM, tsarin da ke sa SSD ta share abin da aka goge da gaske, ta yadda manhajojin dawo da fayil da ke aiki a HDD ba su cika samun komai a nan ba. Idan kuma ba ta fito a akwatin ba, a gwada wani akwatin da wata waya. In har yanzu shiru, sannan a sa wata SSD mai lafiya a laftof ɗin, don a gane ko gurbin ma ya samu matsala kafin ki sayi sabuwa.