Waiwaye: Asalin rigimar ɓoye bayanan harbe-harbe a Amurka

Duk lokacin da ɗan bindiga ya buɗe wuta a makaranta ko coci a Amurka, ba a gama zaman makoki ba sai wata rigimar ta tashi: a fito da bidiyon 'yan sanda da muryoyin waɗanda suka kira lambar gaggawa ta 911 da rubuce-rubucen maharin, ko a kulle su? Mutane da dama sun ɗauka a Uvalde ta jihar Texas aka fara wannan ja-in-ja a 2022. Ta girme haka nesa ba kusa ba.

Bayan harin makarantar Columbine a 1999, an shafe shekaru ana shari'a kan takardu da faifan bidiyon da maharan biyu suka bari. An saki takardun a 2006, bidiyon kuwa ba a taɓa nuna wa jama'a ba. A 2007, kwamitin da ya binciki kisan mutum 32 a jami'ar Virginia Tech ya gano cewa rashin fahimtar dokokin sirri ya hana a haɗa bayanan rashin lafiyar maharin tun kafin ya yi aika-aika. Waɗannan kowa ya san su.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne wata doka ta jihar Connecticut. A watan Disamba 2012 aka kashe yara 20, 'yan shekara shida da bakwai, da ma'aikata shida a makarantar Sandy Hook da ke jihar. Ba a jima ba wasu suka cika intanet da cewa harin shiri ne kawai, babu wanda ya mutu. Iyaye suka ji tsoron hotunan gawarwakin 'ya'yansu su faɗa hannun irin waɗannan mutane, suka roƙi a hana. Wanda ya san darajar suturta mamaci ba zai ga laifinsu ba.

A watan Yuni 2013, a ranar ƙarshe ta zaman majalisar jihar, dokar ta wuce kusan babu hamayya, ba tare da zaman jin ra'ayin jama'a ba. Ta ba da damar hana fitar da hoto ko bidiyon wanda aka kashe idan hakan zai keta sirrinsa ko na iyalinsa. Kuma ba Sandy Hook kaɗai ta shafa ba, kowane kisan kai a jihar ya shigo ciki. A ganina nan ne akalar ta juya. A da, mai son ɓoyewa shi ne zai kawo hujja. Daga nan kuwa mai neman bayani shi ya koma kare kansa, don ana masa kallon mai fama wa iyaye ciwo. Matsalar ita ce bidiyon da ke nuna gawa sau da yawa shi ne ke nuna minti nawa aka ɗauka kafin agaji ya iso, kuma dokar da aka rubuta cikin hawaye ba ta tsaya tantance waɗannan biyun ba. Ko muryoyin 911 na ranar sai da kotu ta sa baki aka sake su a Disamba 2013, takardun maharin kuma sai 2018. Jihar Florida ta yi makamanciyar dokar a 2019, bayan harin wata makaranta a garin Parkland na jihar.

Uvalde ce ta nuna ɗaya fuskar lamarin. Yara 19 da malamai biyu suka mutu a harin wata makarantar firamare a garin, kuma bidiyon barandar makarantar, wanda wata jarida ta fitar kafin a sake shi a hukumance, shi ya nuna wa duniya mintuna 77 da 'yan sanda suka yi suna jira kafin su tunkari maharin. A nan iyaye da yawa su ne suka tsaya kai da fata a buɗe komai.

A birnin Nashville na jihar Tennessee kuma, bayan harin da aka kai wata makaranta a 2023, iyayen ɗaliban makarantar ne suka shiga kotu don a rufe bayanan. An miƙa musu mallakar rubuce-rubucen da aka samu a wurin wanda ya kai harin, sannan a 2024 kotu ta ce dokar haƙƙin mallaka ta hana a sake su.