Waiwaye: Yadda horar da shugabannin sakandare ya zama ɗan bora a Najeriya

A yawancin jihohinmu hanyar zama firinsifal ɗaya ce. Malami ya daɗe yana koyarwa, ya hau matakan albashi, ya riƙe mataimaki na ɗan lokaci, sai takarda ta zo daga ma'aikatar ilimi cewa ya je ya karɓi makaranta. Daga ranar, mutumin da gwanintarsa lissafi ce ko Larabci, shi zai tsara jadawalin darussa, ya sa hannu a kuɗin abincin 'yan kwana, ya sasanta malamai biyu da ba sa ga-maciji, ya yi wa ɗalibai rajistar WAEC da NECO, ya kuma tarbi iyaye masu ƙorafi. Da wuya ka sami wanda aka zaunar aka koya masa waɗannan kafin a miƙa masa makullin ofis.

A zamanin Turawa sakandare a Arewa 'yan ƙalilan ne, irin su Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta zama Barewa daga baya, kuma jami'an ilimi Turawa ke riƙe da su. Bayan 'yancin kai 'yan ƙasa suka gaji kujerun, sannan shirin UPE na 1976, wato ilimin firamare kyauta ga kowa, ya kwararo da yara. A shekarar aka buɗe Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, don malami ya ƙaro ilimi yana bakin aikinsa, amma hankalinta na kan malamin aji. Da aka shiga tsarin 6-3-3-4 a 1982, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, firinsifal ya wayi gari da ƙaramar sakandare da babba, ga injinan koyon fasaha da aka sauke masa, da yawa sun tsufa a cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da masu sarrafa su.

Sai a 1992 aka kafa NIEPA a garin Ondo, cibiyar da aikinta shi ne horar da masu tsara ilimi da shugabannin makarantu. Tunani ne mai kyau, amma cibiya ɗaya ba ta isa ƙasa mai dubban sakandare ba. Ƙungiyar firinsifal-firinsifal ta ƙasa, ANCOPSS, tana cike wani giɓin da tarukanta na bita.

Abin da ya fi ci min rai shi ne inda kuɗin ya tsaya. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin bai-ɗaya na matakin farko, ta ware wa wannan ilimi kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, da wani kaso na horar da malamai, sai dai iyakarta aji uku na ƙaramar sakandare. Shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 a jihohi shida, har da Kano, Jigawa da Kaduna, ya horar da hedimastoci sosai, amma na firamare. Babbar sakandare kuwa sai a 2021 aka farfaɗo da hukumarta ta ƙasa, NSSEC.

Yanzu ga shirin AGILE na Bankin Duniya, mai tallafa wa ilimin 'yan mata, yana tura tallafi kai tsaye ga makarantu a jihohi irin su Katsina, Kebbi da Borno. Firinsifal ne, tare da kwamitin gudanarwa na makaranta, zai rubuta tsarin gyara, ya sa ido kan masu aiki, ya adana rasit, ya kuma amsa tambayoyin masu binciken kuɗi. Bitar kwana uku a babban birnin jiha ba za ta ɗauki wannan nauyin ba. Kamata ya yi jihohi su sa kwas ɗin shugabanci ya zama sharaɗi tun mutum yana mataimaki, sannan sifetoci su riƙa binsa makaranta suna duba littattafansa tare da shi.