Waiwaye: Yadda 'yan sakandare a Hong Kong suka fara ɗaukar darasi a manyan makarantu

Ranar Asabar da safe a Hong Kong za ka ga yara 'yan aji biyar na sakandare sun nufi kwaleji, wani girkin otal zai koya, wata zanen kaya, wani kuma harkar jiragen sama, kuma duk wannan cikin takardar sakamakonsu ta gama sakandare zai fito. Su Applied Learning suke ce masa, ApL a taƙaice, wato karatun da ake sa hannu a yi, ba na allo da littafi kawai ba.

Da can tsarin Ingila suke bi, shekara biyar a sakandare sai jarrabawar HKCEE, wanda ya tsallake ya ƙara biyu sannan ya yi uku a jami'a, mafi yawan yara kuwa a ajin biyar ɗin nan suke tsayawa, wanda kansa bai ja a lissafi da kimiyya ba sai dai ya fita da takardar da ba ta cewa komai game da abin da hannunsa ya iya. A 2003 gwamnati ta fara gwajin wata manhaja ta koyon sana'a a wasu makarantu, daga baya aka yi ta sauya mata suna har aka cire kalmar sana'a gaba ɗaya. Ni dai a ganina da gangan ne, don iyaye a can da sun ji an ce sana'a sai su ɗauka an ce ɗansu ya kasa.

Babban sauyin ya zo a Satumbar 2009 da aka shigo da tsarin 3-3-4, uku a ƙaramar sakandare uku a babba huɗu a jami'a, jarrabawa ɗaya tal mai suna HKDSE, wadda aka fara zana ta a 2012. A nan ne ApL ya samu gurbi cikin darussan zaɓi, fannoni shida, daga fasahar ƙirƙira da yaɗa labarai zuwa kasuwanci, hidima, kimiyya da injiniyanci. Kowane kwas awa 180 ne cikin shekara biyu, ko dai yaro ya je can harabar masu koyarwa irin su VTC, hukumar koyar da sana'o'i, da HKU SPACE, sashen ƙaro karatu na Jami'ar Hong Kong, ko su turo malamai makarantarsa. Su ne ke ba da maki, hukumar jarrabawa ta HKEAA ta bi ta tantance.

To amma fa ga inda gizo ke saƙa, maki. A sauran darussa maki mataki-mataki ne, daga 1 yaro zai iya kaiwa har 5**, wanda shi ne ƙololuwa, shi kuwa ɗan ApL da farko komai ƙwazonsa abin da zai samu daidai yake da mataki na 3, sai a 2018 aka ƙara wani daraja mai daidai da mataki na 4 ko sama. Ka ga wanda ke harin likitanci ko lauya zai yi tunani sau biyu kafin ya ba shi Asabar ɗinsa, ga jami'o'in ma kowace da yadda take lissafa shi. Inda ya fi amfani shi ne neman difloma da aikin gwamnati, nan ana karɓar har kwas biyu cikin darussa biyar da ake nema.

Kuɗi ma ya taɓa zama cikas, makarantu na haɗawa da nasu, sai daga zangon 2016/17 gwamnati ta ɗauke kuɗin kwas ɗin gaba ɗaya. An kuma buɗe na harshen Sinanci don yaran da ba shi ne harshensu na gida ba, irin 'ya'yan 'yan Pakistan da Nepal, kuma yanzu tun daga aji huɗu ana iya farawa.