Ɗan a-mutu: kalmar da ake gwadawa ranar da mawaƙi ya bar ƙungiya

A bakin 'yan siyasa da 'yan gidan kallon ƙwallo aka fi jin kalmar. Ɗan a-mutun wane, 'yar a-mutun ƙungiya kaza. Wasu su ce ɗan gani-kashe-ni. Manufar dai ɗaya ce: masoyin da ya wuce matsayin mai sha'awa, wanda ya ɗaura ɗamarar cewa ko ana ha-maza-ha-mata yana nan, a ci da shi, a sha kaye da shi. Mai sha'awa zai ji waƙa ta yi masa daɗi ya wuce abinsa. Ɗan a-mutu kuwa ya haddace baitocin, ya san shekarar da kowane kundi ya fito, ya san sunan mai ganga da na mai jita, in ka kushe su a gabansa sai ya ji kamar gidansu ka zaga.

Sai dai kalmar tana da wani giɓi. Ba ta faɗi abin da mutum ke mutuwa a kai ba. Sunan ƙungiyar ne, ko wani mutum ɗaya a cikinta, ko amon kiɗan? Muddin kowa na nan da rai da lafiya babu mai buƙatar wannan tambaya, domin duka ukun a ɗaure suke wuri ɗaya. Ranar da aka rasa mutum ɗaya, ta hanyar mutuwa ko faɗa ko gajiya, ranar ce ɗaurin ke kwancewa. Kuma babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a kiɗan rok na Amurka da Birtaniya.

Dalilin yana cikin yadda ake gina ƙungiyar. A kiɗanmu na gargajiya sunan mawaƙi shi ne sunan ƙungiya. Makaɗa da 'yan amshi da sanƙira na iya sauyawa, waƙa tana nan ta Shata ce ko ta Ɗanƙwairo. In jagoran ya rasu, kowa ya san an rufe babi, ko da ɗansa ya gaji kalangu ko kotso. Ƙungiyar rok ba haka take ba. Mutum huɗu ne ko biyar ko shida suke haɗuwa su raɗa wa kansu sunan da ba na kowa ba a cikinsu, su riƙa tsara waƙa tare, su raba kuɗi. Sunan na iya rayuwa bayan kowannensu, har ma ya zama kadara mai rajista da lauyoyi ke tsaro. To da wa masoyi ya ƙulla amana?

Linkin Park ce misalin da ya fi kusa da mu a lokaci. Ƙungiya ce daga jihar Kalifoniya, wadda kundinta na farko ya fito a 2000 ya karaɗe duniya, tana haɗa kiɗan rok mai nauyi da gambarar zamani. Mike Shinoda ke yin gambarar, Chester Bennington ke rera waƙar, da wata irin murya da kan tashi daga lallausa zuwa ƙara mai tsaga kunne cikin numfashi ɗaya. Waƙoƙinsu sun fi yawa a kan ƙunci da kaɗaici da fushin ƙuruciya, shi ya sa matasa da yawa suka ɗauki Chester tamkar wanda ke faɗa musu abin da ke ransu. Ranar 20 ga Yulin 2017 aka same shi ya rasu a gidansa, yana da shekara 41, hukumomi suka tabbatar da cewa shi ya kashe kansa. A watan Oktoban shekarar sauran suka yi taron tunawa da shi a dandalin wasa na Hollywood Bowl da ke Los Anjeles. A wata waƙa aka bar sandar makirufo ita kaɗai a tsakiyar dandamali, aka haska ta, taron jama'a suka rera baitocinsa da kansu. Daga nan ƙungiyar ta yi shiru na shekara bakwai, in ban da tsofaffin waƙoƙin da ta riƙa zaƙulowa daga ma'ajiya.

Ranar 5 ga Satumban 2024 suka dawo ta wani wasa da aka watsa kai tsaye a intanet, da sabuwar mawaƙiya, Emily Armstrong, wadda ta fito daga ƙungiyar Dead Sara, da sabon mai ganga, Colin Brittain. Tsohon mai gangar, Rob Bourdon, wanda da shi aka kafa ƙungiyar, ya zaɓi kada ya dawo. Mai jita Brad Delson ya ce zai ci gaba da aikin ɗakin naɗa waƙa amma ya daina hawa dandamali. A lura da wannan da kyau: gurbi uku ne suka sauya a gaban 'yan kallo, amma kusan duk rigimar a kan gurbi ɗaya aka yi ta. Ba a cika jin wanda ya rantse ya daina sauraronsu saboda mai ganga ba. Masoya na cewa suna son ƙungiyar baki ɗaya, amma yawancinsu murya suka ƙulla wa amana.

Nan take aka rabu gida biyu, kuma kowane gida ya ce shi ne na 'yan a-mutu na gaskiya. Ɓangare ɗaya ya ce babu Chester babu Linkin Park, in suna son ci gaba da waƙa su nemi wani suna. A wurinsu juya baya shi ne riƙon amana. Ɗaya ɓangaren ya ce mutanen da suka yi shekara ashirin suna gina abu suna da haƙƙin ci gaba da sana'arsu, kuma masoyin da ya gudu a lokacin da aka fi buƙatarsa ɗan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa ne tun asali. Abin ya ƙara dagulewa da aka tono cewa Emily ta taɓa halartar zaman kotu don mara wa wani ɗan fim baya, wanda daga baya aka same shi da laifin fyaɗe, aka kuma yi ta magana a kan alaƙarta da cocin Scientology, wata ƙungiyar addini mai jawo ce-ce-ku-ce a Amurka. Ta fito ta ce ta yi kuskuren fahimtar mutumin, bai kamata ta je ba. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Chester da mahaifiyarsa su ma sun nuna ɓacin ransu a fili. Shinoda kuwa ya dage cewa ba gurbin Chester aka cike ba, sabon babi ne aka buɗe. An ma sauya amon wasu tsofaffin waƙoƙin domin su dace da muryarta.

Tarihin rok ya riga ya gwada kowace hanya. Bon Scott, mawaƙin ƙungiyar AC/DC, ya mutu a Landan a Fabrairun 1980, ƙungiyar ta ɗauki Brian Johnson, kafin watan Yuli ya ƙare ta fitar da kundi mai baƙin bango na makoki, Back in Black, wanda ya zama ɗaya daga cikin kundayen da aka fi saya a tarihi. A shekarar dai mai gangar Led Zeppelin, John Bonham, ya mutu a Satumba, a Disamba sauran ukun suka sanar cewa ba za su iya ci gaba ba tare da shi ba, suka watse. Da suka haɗu don wasa ɗaya a Landan a 2007, ɗansa Jason suka ɗora kan gangar, irin gadon da Bahaushe ya sani. Queen ta bi wata dabara da ta fi burge ni. Bayan rasuwar mawaƙinsu Freddie Mercury a 1991, duk mawaƙin da ya zagaya duniya da su ba a narkar da shi cikin sunan ba, alamar tarawa ake sawa a tsakani: Queen + Paul Rodgers, daga baya Queen + Adam Lambert. Da wannan 'yar alama suna gaya wa masoyi cewa kujerar Freddie tana nan ba a ba kowa ba, baƙo ne ke riƙe da makirufo. Duk da haka mai kaɗa musu jitar bas, John Deacon, ya janye tun 1997 bai sake komawa ba. Ashe ko a cikin ƙungiyar ba a haɗu kan amsa ɗaya ba, balle a tsakanin masoya.

Wanda bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya tuna watan Agustan 2021, lokacin da Messi ya bar Barcelona ya tafi PSG. A gidajen kallo ranar aka gane waye ɗan Barcelona, waye kuma ɗan Messi da ya yi shekaru sanye da rigar Barcelona.

A ganina wanda ya daina saurare bai ci amanar kowa ba, haka wanda ya ci gaba. Abin da ban yarda a kira shi soyayya ba shi ne bin sabon mawaƙi da zagi a shafinsa, kamar shi ya kashe na farko. Sau da yawa ma abin da ɗan a-mutu ke karewa ba mawaƙin ba ne, shekarun da ya fara jin waƙar ne, ɗakin makarantar kwana, tsohuwar wayar da ya tura waƙar cikinta. Wanda ya fara sauraro a zamanin Brian Johnson ba ya jin AC/DC ta rasa komai. Masoyan ƙungiyar Van Halen har yau ba su gama gardama ba tsakanin 'yan mawaƙi David Lee Roth, wanda ya fita a 1985, da 'yan Sammy Hagar da ya maye shi, kuma galibi shekarar haihuwar mutum ke nuna ɓangarensa.

Linkin Park ta san da wannan. Kundin da ta fitar a Nuwamban 2024 ta sa masa suna From Zero, ishara ga sunanta na farko, Xero, na zamanin da wani mai suna Mark Wakefield ke rera waƙa. Shi kansa Chester gurbin wani ya shiga a 1999. A jerin kundayen da suka fi kasuwa, ya hau mataki na ɗaya a Birtaniya, na biyu a Amurka. Ranar 31 ga Mayun 2025 kuma su ne suka yi wasa a filin Munik kafin a take wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai, wanda PSG ta lallasa Inter da ci 5 da nema. Yaron da ya zauna kan benci a gidan kallo a daren nan yana jiran ƙwallo, ya ga wata mace tana ƙwala ihu cikin makirufo, a wurinsa ita ce mawaƙiyar Linkin Park. In abin ya kama shi, sai daga baya zai nemo Chester a YouTube.