Mene ne “izinin gaggawa” da ake bai wa allurar rigakafi?

A farkon shekarar 2021, in ka zauna a teburin mai shayi a Garki bayan sallar isha'i, da wuya a watse ba a taɓo zancen allurar korona ba. A teburin da nake zuwa akwai mutum biyu da ke zama a benci ɗaya, suna jin haushin hukuma ɗaya, amma dalilansu hannun riga ne. Ɗaya ma'aikacin gwamnati ne da mahaifinsa ke fama da ciwon suga, kullum ƙorafinsa shi ne Ingila ta fara yi wa mutanenta tun watan Disamba, mu me muke jira? Ɗayan wani Alhaji ne mai shago a kasuwar Wuse, wanda da an ambaci allurar sai ya dire kofi ya ce, “Malam, abin da aka haɗa shekara ko cika ba ta yi ba? Sauri fa ya haifi nawa. Su fara yi wa kansu tukuna mu gani.”

Dukansu biyu a kan kalma guda suke jayayya, wadda gidajen rediyo ke maimaitawa safe da yamma ba tare da an tsaya an warware ta ba: izinin amfani na gaggawa. Ma'aikacin yana jin “izini” sai ya ɗauka magana ta ƙare. Alhaji kuwa “gaggawa” kawai yake ji, kuma tun muna yara aka ce mana gaggawa aikin Shaiɗan ce.

Izinin gaggawa shi ne damar wucin gadi da hukumar kula da magunguna ke bayarwa a yi amfani da magani ko rigakafi kafin a kammala tattara duk hujjojin da ake nema wajen yi masa cikakkiyar rajista. Ba a bayar da shi sai ana cikin annoba ko wani babban haɗari, babu wani ingantaccen abin da zai maye gurbinsa, sannan hujjar da ke hannu ta nuna amfaninsa ya rinjayi illarsa. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke da wannan hurumin, a Amurka FDA, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana da nata jerin wanda ƙasashe da yawa ke dogara da shi.

Misalin da ya fi zauna mini shi ne taimama. Wanda ya yi taimama ba wai ya yi salla babu tsarki ba ne. Larura ce ta kawo ta, tana da sharuɗɗanta, kuma da ruwa ya samu ta ɓaci. Haka izinin gaggawa: larura ke kawo shi, ana iya janye shi kowane lokaci, kuma kamfani ba ya naɗe hannu don ya samu, dole ya ci gaba da kawo bayanai. Sai dai misalin yana da gurgun ƙafa, gara in faɗa da kaina. Mai taimama ba ya shakkar sallarsa. Mai sa hannu a izinin gaggawa kuwa ya san akwai abin da bai gama gani ba. Awo yake yi tsakanin hasarar jira da hasarar kuskure, kuma kowacce a cikinsu rayuka ne.

To me aka gani kafin a sa hannu, me ya rage?

Kowace allurar rigakafi, bayan ɗakin bincike da gwaji a kan dabbobi, tana bin matakai uku a jikin ɗan Adam. Ana farawa da mutane kaɗan don a ga ko tana cutarwa, a ƙara yawa don a daidaita adadin da za a riƙa bayarwa, sannan a je mataki na uku inda ake tara dubban mutane a raba su gida biyu: wasu a yi musu allurar gaske, wasu a yi musu wadda ba ita ba, ba tare da sun san wacce aka ba su ba. Daga nan sai a zuba ido a ga su wa cutar za ta kama. A gwajin kamfanonin Pfizer da BioNTech mutum sama da 43,000 suka shiga. Lokacin da aka ƙirga mutum 170 da suka kamu, 162 daga cikin waɗanda aka yi wa ruwan gishiri suke, 8 kacal daga waɗanda aka yi wa allurar. Daga nan aka samo kashi 95 cikin 100 ɗin da aka yi ta yayatawa. Wato matakin nan na uku an yi shi, ba a tsallake ba.

Saurin daga wani wuri ya zo. Kafin korona, rigakafin da aka fi saurin haɗawa shi ne na hangum, a shekarun 1960, kuma ya ci shekara huɗu. Galibin shekarun da ake ɓatawa a aikin rigakafi a neman kuɗi suke tafiya, da jiran layi a ofis, da jiran a samu isassun waɗanda suka kamu don lissafi ya fito. A 2020 gwamnatoci suka zuba kuɗi tun kafin a san ko abin zai yi, masana'antu suka fara sarrafawa ana tsakiyar gwaji, hukumomi suka riƙa duba takardu suna shigowa maimakon su jira a kawo su a dunƙule. Masu kamuwa kuwa, abin takaici, ba a neme su an rasa ba. Kuma ba daga tushe aka faro ba: masanan Jami'ar Oxford sun riga sun yi aiki a kan rigakafin MERS, 'yar uwar korona da ta ɓulla a Saudiyya a 2012.

Abin da ba a iya saye da kuɗi shi ne lokaci. FDA ta nemi a bi sawun rabin waɗanda aka yi wa allurar na aƙalla wata biyu, domin yawancin illolin rigakafi a makonnin farko suke bayyana. Amma wata biyu ba za su gaya maka tsawon lokacin da kariyar za ta ɗauka ba, kuma gwajin mutum dubu arba'in ba lallai ya kamo illar da ke samun mutum ɗaya cikin dubu ɗari ba. Nan ne Alhaji yake da tasa gaskiyar. A watan Maris na 2021 ƙasashen Turai da dama suka dakatar da allurar kamfanin AstraZeneca, wadda masanan Oxford ɗin suka ƙirƙiro, na ɗan lokaci, kuma ranar 7 ga Afrilu hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce akwai yiwuwar alaƙa tsakaninta da wani irin daskarewar jini da ba kasafai ake samu ba, tare da cewa amfaninta ya fi haɗarinta yawa. Wasu suka ce ga shi nan, asiri ya tonu. Ni kuwa abin da na gani shi ne sa idon da aka yi alkawari ya yi aikinsa.

Matsin lamba kuma bai bar kowa ba. Rasha ta yi wa tata allurar, Sputnik V, rajista ranar 11 ga Agusta 2020 tun kafin ta yi gwajin mataki na uku, masana suka yi mata ca. Birtaniya ta amince da ta Pfizer ranar 2 ga Disamba, ranar 8 aka yi wa Margaret Keenan mai shekara 90 a Coventry. Nan take Amurkawa suka fara tambayar me ya tsayar da tasu hukumar, har shugaba Donald Trump ya kira FDA tsohon kunkuru mai nawa, a ranar 11 ga Disamba da ta fitar da izininta. Jamus ta matsa wa hukumar Turai, ta dawo da zamanta daga 29 ga wata zuwa 21.

Mu a nan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa allurar AstraZeneca a jerinta na gaggawa ranar 15 ga Fabrairu 2021, bayan kwana uku shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta sanar da nata izinin. Ranar 2 ga Maris jirgi ya sauka a filin Nnamdi Azikiwe da allurai kusan miliyan huɗu ta hanyar COVAX, shirin duniya na raba allurar korona ga ƙasashe. Ranar 5 aka fara a Babban Asibitin Ƙasa da wani likita, Dakta Cyprian Ngong, washegari aka nuna shugaba Buhari da mataimakinsa Osinbajo a talabijin sun naɗe hannun riga. Ma'aikacin nan da ke zagin NAFDAC ya yi kuskuren adireshi. Ko da ta sa hannu tun Disamba, babu allurar da za ta iso, don ƙasashe masu kuɗi sun riga sun kama layi sun saye. Daga baya da aka fara turo mana ragowa, wasu sun zo dab da lalacewa, har a Disamban 2021 aka lalata sama da miliyan ɗaya a jujin Gosa da ke hanyar filin jirgi.

Tsoron Alhaji kuwa ba daga sama ya faɗo ba, kuma duk wanda ya mayar da shi jahilci bai san tarihin Kano ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin Zana. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani da aka sani, 11 suka rasu a ɓangarorin biyu. Iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, daga ƙarshe a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wannan tabon na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Sai dai a lura da bambancin: a Kano yaran su ne abin gwajin. Izinin gaggawa bayan gwaji yake zuwa, gwajin da aka yi a kan manyan da suka sa hannu da kansu, a Amurka da Ingila da Brazil da Afirka ta Kudu.

Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: rigakafi na farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa sa wa a jerin gaggawa ba na korona ba ne. Sabon ɗigon shan inna ne, a Nuwamban 2020, kuma Najeriya ce ta fara ɗiga shi a bakin yara a Maris na 2021. Ya samu cikakkiyar tantancewar hukumar a ƙarshen 2023. Ita ma allurar Pfizer ta samu cikakkiyar rajista a Amurka ranar 23 ga Agusta 2021. Ruwa ya samu ke nan. Kalmar kuma ba ta mutu da korona ba, an sake jin ta a 2024 da ƙyandar biri ta taso, Najeriya ta karɓi allurai 10,000 daga Amurka.

Ma'aikacin nan ya kai mahaifinsa aka yi masa tun zagayen farko. Alhaji ya tsaya a kan bakansa har aka buɗe aikin hajji ga 'yan waje a 2022, bayan shekara biyu alhazan Najeriya ba su je ba, Saudiyya kuma ta gindaya sharaɗin katin rigakafi. Wani dare na same shi yana shan shayi da hagu, yana lallaɓa damtsen dama.

Na ce, “Alhaji, lafiya?”

Ya ce, “Kai dai bari, Malam. Larura.”