Gwagwarmayar ɗaliban jami'a kan matsanancin talauci

Gwagwarmayar ɗaliban jami'a kan matsanancin talauci na nufin duk wani yunƙuri da ɗalibai ke yi a ƙungiyance, ko zanga-zanga ce ko tara kuɗi ko matsa wa gwamnati lamba ko ma dafa abinci a raba, domin mutanen da abin da zasu ci a yini yake gagararsu. Bankin Duniya ne ke ja layin da ake auna wannan talauci da shi, a 1990 dala 1 ce a rana, aka mai da shi dala 1.25 a 2008, sai 1.90 a 2015, sai 2.15 a 2022, a watan Yunin 2025 kuma aka ɗaga shi zuwa dala 3, kuma da wannan ma'auni a 2025 wajen mutum miliyan 800 ne ke ƙasan layin, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara.

A Turai da Amurka galibi ɗalibi yana fafutuka ne saboda talaucin wasu da ke can nesa da shi. A ƙasa irin Sudan kuwa shi kansa ɗalibin a ciki yake, babansa manomi ne a Jazira ko Gadarif, kuɗin mota da na ful ɗin safe, wato dafaffen wake, ma lissafi ne, shi yasa tasu gwagwarmayar kusan kullum daga farashin burodi take tashi kuma ta kan ƙare a ƙofar fadar gwamnati.

A ƙasashen waje

A Ingila an kafa ƙungiyar ɗalibai ta Third World First a 1969, wadda daga baya ta koma People & Planet, da farko aikinta tara gudummawa ne daga aljihun ɗalibai. A Bangladesh, wajen 1976, malamin tattalin arziki Muhammad Yunus ya shiga ƙauyen Jobra da ke maƙwabtaka da jami'ar Chittagong tare da ɗalibansa, suka tarar da mutum 42 da jarin da suke buƙata gaba ɗaya bai wuce dala 27 ba, daga nan bankin Grameen ya samo asali.

Batun yafe wa ƙasashe matalauta bashi shi ya fi tara jama'a. Kamfen ɗin Jubilee 2000 ya tara wajen mutum 70,000 a Birmingham a watan Mayun 1998 lokacin taron ƙasashen G8, sannan a 2 ga Yulin 2005 fiye da mutum 200,000 suka yi tattaki a Edinburgh ƙarƙashin Make Poverty History kwanaki kaɗan kafin taron G8 na Gleneagles, kuma akwai ƙungiyoyin ɗalibai da na coci a cikinsu. A jami'ar Yale ta Amurka, a 2001, ɗalibai sun matsa wa hukumar makarantar har aka sassauta haƙƙin mallakar maganin ƙanjamau na stavudine a Afirka ta Kudu, farashinsa ya faɗi warwas. Wannan kam nasara ce da za a iya nunawa da yatsa, ba kamar yawancin kamfen ɗin sa hannu a takarda ba.

Akwai kuma wanda ya shafi Sudan kai tsaye: a 2004 ɗaliban jami'ar Georgetown suka kafa STAND saboda Darfur, a Afrilun 2005 kuma Harvard ta sanar da janye hannun jarinta daga PetroChina, kamfanin mai na China da ke da alaƙa da harkar man Sudan. Har yau ana jayayya kan ko hakan ya canza wani abu a ƙasa.

Sudan: asali

Jami'ar Khartum ta samo asali ne daga kwalejin Gordon da aka buɗe a 1902, ta zama cikakkiyar jami'a a 1956, shekarar samun 'yancin kai. Shekaru da yawa ɗalibin da ya samu shiga gwamnati ce ke ba shi ɗaki da abinci kyauta, to sai ya zama ɗan talaka daga Kurdufan ko Darfur ko bakin Shuɗin Nilu yana kwana ɗaki ɗaya da ɗan attajirin Umdurman, kuma ƙungiyar ɗaliban jami'ar ta yi ƙarfin da jam'iyyu ke kokawa a kan zaɓenta kamar zaɓen ƙasa, musamman 'yan gurguzu da 'yan uwa Musulmi.

A 21 ga Oktoban 1964 'yan sanda suka afka wa wani taron tattaunawa da ɗalibai ke yi kan matsalar Kudancin Sudan, aka harbe ɗalibi Ahmad al-Ƙurashi, jana'izarsa ta zama zanga-zanga, cikin 'yan kwanaki mulkin Janar Abbud ya rushe. Maganar Oktoba ba ta talauci ba ce kai tsaye amma ita ta koya wa kowa a ƙasar cewa ɗalibi na iya tayar da gwamnati, duk abin da ya biyo baya da ita ake kwatanta shi.

Yunwar 1984 da boren 1985

Fari ya cinye Darfur da Kurdufan a 1983 da 1984, dabbobi suka mutu, mutane suka yi ta gangarowa har suka yada zango a Muwailih, yamma da Umdurman, gwamnatin Shugaba Numeiri kuwa ta daɗe tana ƙin amsa cewa akwai yunwa. Dawar agaji da ta zo daga Amurka har laƙabin Reagan mutane suka sa mata. Ana cikin wannan hali, ga bashi ya yi katutu ga sharuɗɗan asusun lamuni na duniya, sai gwamnati ta janye tallafi a watan Maris na 1985, farashin burodi da mai ya tashi. A 26 ga Maris ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Umdurman suka fito kan titi, 'yan gari da marasa aikin yi suka biyo su, likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki suka shiga yajin aiki a farkon Afrilu, ranar 6 ga wata sojoji ƙarƙashin Suwar al-Dahab suka sanar da sauke Numeiri alhali yana kan hanyar dawowa daga Amurka. Masu tarihi da yawa na sa wannan cikin jerin boren da aka yi a Afirka da ƙasashen Larabawa kan tsare-tsaren tsuke bakin aljihu na shekarun 1980.

Bayan 1990

Gwamnatin Bashir ta zo da abin da ta kira juyin juya halin ilimi mai zurfi a 1990, aka buɗe jami'o'i a jihohi, aka ninka yawan masu shiga, amma aka soke ɗaki da abinci kyauta aka miƙa lamarin ga wani asusun kula da ɗalibai na ƙasa da aka kafa a farkon shekarun 1990. Daga nan talaucin ɗalibi ya zama abin gani da ido. Abincin da ya yi suna a lokacin shi ne bosh, wato a gutsuttsura burodi a babban kwano a zuba ruwan ful da ɗan mai, in an samu hali a barbaɗa cuku, mutum biyar shida su sa hannu. Wanda ya yi karatu a Khartum ko Madani a waɗannan shekarun ba sai an yi masa bayani ba.

A nan ne ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, waɗanda ake kira rawabiɗ, suka ƙara muhimmanci: su ke tarbar sabon ɗalibi, su nema masa wurin kwana, su haɗa masa kuɗin rajista, lokacin hutu kuma su shirya ayarin ɗaliban likitanci da magunguna zuwa ƙauyukansu. Ba a cika rubuta tarihinsu ba don ba su da hayaniya, amma a wajen ɗan talaka sun fi kowace jam'iyya amfani.

Rikicin kuɗin makaranta ya fi zafi a kan ɗaliban Darfur, waɗanda yarjejeniyoyin zaman lafiya suka yi wa alkawarin sassauci. A Disambar 2012 an tsinci gawar huɗu daga cikinsu a magudanar ruwa kusa da Jami'ar Jazira bayan wani zaman dirshan kan wannan batu. Hukumomi suka ce nutsewa suka yi, ɗalibai suka ce kashe su aka yi.

2012 da 2013

Ɓallewar Sudan ta Kudu a Yulin 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, kuɗi suka yi ƙaranci, aka dawo maganar janye tallafi. A tsakiyar Yunin 2012 ɗalibai mata ne a ɗakunan kwanansu na Jami'ar Khartum suka fara fitowa saboda tsadar abinci da kuɗin mota, maza suka biyo baya, abin ya bazu zuwa masallatai ranakun Juma'a, ƙungiyar Girifna da wasu ɗalibai suka kafa tun 2009 tana cikin masu yaɗa kiran. A Satumbar 2013 aka sake ƙara kuɗin mai, wuta ta tashi daga Madani ta iso Khartum, kuma an kashe mutane da yawa, ƙungiyoyin kare haƙƙi na cewa kusan 200, gwamnati na faɗin ƙasa da rabin haka.

Aikin gayya

Gefe guda da zanga-zanga akwai aikin sa kai wanda ya ginu a kan nafir, gayyar da manoman Sudan suka saba yi tun kaka da kakanni. Da ambaliya ta ci gefen Khartum a Agustan 2013, matasa, da yawansu ɗalibai da sabbin masu digiri, suka kafa wani shiri da wannan suna, suka buɗe layin waya, suka riƙa zuwa unguwa unguwa suna ƙirga gidajen da suka rushe suna kai tanti da abinci tun kafin hukuma ta motsa.

Wanda ya fi shiga zuciyar mutane shi ne Shari'ul Hawadis, wanda ya fara wajen 2012 a titin da ke gaban asibitin yara na Ja'afar Ibn Auf. Tsarin ba wuya: matasa na zaune a kujerun masu shayi, uwa ta fito da takardar magani a hannu ba ta da kuɗin saye, sai a ɗauki hoton takardar a sa a Facebook da lambar waya, kafin wani lokaci wani ya turo kuɗin ko katin waya a sayar a sayo maganin. A 2015 suka gina ɗakin kula da yara masu tsananin ciwo a wani asibitin yara a Umdurman da kuɗin jama'a, ranar buɗewa kuma maimakon minista sai suka ba wata mai sayar da shayi almakashi ta yanke ƙyallen, abin da ya jawo surutu sosai a jaridun ƙasar. Shirin ya yi rassa a garuruwa da dama.

Disambar 2018 da Mai Wurno

An saba cewa juyin da ya kayar da Bashir a Atbara ya fara ranar 19 ga Disambar 2018, bayan burodi ya tashi daga fam 1 zuwa fam 3. Mutanen Damazin na cewa su suka riga a 13 ga wata. Mutanen Mai Wurno kuma, garin da ke bakin Shuɗin Nilu a jihar Sinnar wanda zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, suna kafa hujja da 6 ga Disamba, ranar da 'yan makaranta suka fito saboda rashin burodi. A duk wuraren uku dai yaran makaranta ne a gaba, 'yan jami'a daga baya suka karɓa, gwamnati ta rufe jami'o'i, rufewar kuma ta mai da ɗaliban unguwanninsu inda suka zama ƙashin bayan kwamitocin gwagwarmaya. Bashir ya faɗi a 11 ga Afrilun 2019.

Yafe bashin da ɗaliban Turai suka yi ta tattaki a kansa bai zo kan Sudan ba sai a Yunin 2021, lokacin da ta cika sharaɗin farko na shirin yafe wa ƙasashe matalauta bashi, bashin nata ya haura dala biliyan 50. Juyin mulkin 25 ga Oktoban shekarar ya tsayar da komai.

Lokacin yaƙi

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a 15 ga Afrilun 2023 ya watsa jami'o'in Khartum, ɗaliban Najeriya da ke Jami'ar Afirka ta Duniya da sauran makarantu aka kwashe su ta Masar da Port Sudan. Waɗanda suka rage a unguwanni suka kafa ɗakunan agajin gaggawa da takaya, wato girkin gayya inda ake ɗora manyan tukwane na adas ko ful ko balila, duk dangin dafaffen wake da hatsi, kowa ya zo da kwanonsa, kuɗin kuma yawanci 'yan uwa ne da ke Saudiyya da sauran ƙasashen Gulf da Turai ke turowa ta manhajar banki. Ɗaliban likitanci da ba su gama ba su suka riƙe ƙananan asibitocin unguwa da dama. An kama wasu masu aikin, an kashe wasu, kuma ɓangarorin biyu duka an zarge su. A Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam na Darfur ta Arewa, a 2025 kuma ɗakunan agajin suka samu kyautar Right Livelihood.

Saudiyya

Ba a yarda da zanga-zanga ba, tara kuɗi ma sai da izini, don haka aikin ɗalibai a can na sa kai ne ta ƙungiyoyi masu rajista da manhajoji irin Ehsan da aka buɗe a 2021, agajin ƙasashen waje kuma ta cibiyar Sarki Salman da aka kafa a 2015 yake bi.