Waiwaye: Yadda Maganaɗisun Asibiti Ya Shiga Binciken Taurari

Mu Hausawan Makka da Jidda ba baƙin zinariya ba ne, daga shagunan gwal na Balad har haƙorin Makka da alhazai ke komawa gida da shi. Amma a ina aka ƙera ta tun kafin ta kwanta cikin duwatsun Mahd Az-Zahab, mahaƙar zinariya ta Saudiyya? A 1957 Margaret da Geoffrey Burbidge, da William Fowler, da Fred Hoyle suka nuna cewa a cikin taurari ake dafa yawancin sinadarai.

Gwada wannan a ɗakin bincike shi ne jan aikin. Da yawa daga ƙwayoyin zarrar da abin ya shafa ba sa cika daƙiƙa guda kafin su ruguje, balle a kafa su a harbe su. Sai masana suka juya dabarar: ita ƙwayar ake harbawa ta daki siririyar leda mai ɗauke da haidirojin mai nauyi. Nan ma da sauran rina a kaba, domin furoton, wato ƙananan ƙwayoyin cikin zarra da ke fitowa daga karon, ƙarfinsu kan cunkushe wuri guda, a kasa tantance su.

Maganin ya fito daga cibiyar Argonne kusa da Chikago, inda na'urar HELIOS ta fara aiki a 2008. Abin da ya fi burge ni, zuciyarta tsohon maganaɗisun MRI ne mai ƙarfin tesla 3 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) da aka ɗauko daga Jamus, irin ramin nan da ake tura majinyaci ciki a asibiti. A cikinsa furoton kan yi ta murɗawa kamar zaren dunƙule da ake warwarewa, ya dawo tsakiya ya faɗa kan ma'aunin silikon. Nisan da ya yi da ƙarfin da ya zo da shi su ke raba abin da a da ya cakuɗe, lokacin da ya ɗauka kuma ya faɗi ko wace irin ƙwaya ce.

CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, ta bi sahu da maganaɗisu mai tesla 4 daga Jami'ar Kwinslan ta Ostireliya. A 2018, shekara guda bayan an hango karon taurarin niyutiron biyu, wato dunƙulallun ragowar manyan taurari da suka mutu, da ya watsa sinadarai masu nauyi, ta auna ƙwayar makuri 207 (wani nau'in zaiba), wadda saninta ke taimakawa wajen fahimtar yadda zinariya da filatinum ke samuwa. Na'ura ta uku, SOLARIS, an tanade ta ne domin cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta FRIB a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, wadda aka buɗe a 2022.